Zagon Sarkin Ruwa

Da hantsin Asabar aka kawo rahoton sata ofishin 'yan sanda na Tambuwal. Da Sufeto Hassan Ɗangiwa ya ji abin da aka sace, sai da ya sa aka maimaita masa. Ba shanu ba ne, ba babur ba ne. Wani tsohon mashi ne na masunta, irin wanda ake kira zago, aka ɗauke daga gidan tarihin ƙauyen Marken Dutsi, can kudu da Kebbe.

A shekarun nan kuɗin mai sun cika ƙasa, kowa na sayen sabo yana jefar da tsoho, ita kuwa gwamnati sai ta tashi da ƙaunar tsofaffin kaya. Tun da aka dawo daga babban bikin al'adu na Legas, duk wani mai babban tebur a Sakkwato ya zama masanin tarihi. An riga an shirya Kwamishina zai kawo baƙi Turawa Marken Dutsi ƙarshen wata, kuma zagon nan shi ne abin da za a yi taƙama da shi.

Difi'o, shugaban ofishin, bai yi masa kwana-kwana ba. "An ɗauko mai kula da gidan, yana sel. Sakkwato na son ganin mutum a kotu. In ka kawo ɓarawon, a saki tsohon. In ba ka kawo ba, shi za a gurfanar."

Sufeto Bazazzagi ne, bai daɗe da zuwa yankin ba. Mutum ne mai saurin yanke hukunci, abin da ya sha taimakonsa a aiki, ya kuma sha jefa shi rami.

Ya tarar da mai kula da gidan, Malam Attahiru Ɗanmaliki, zaune a kan siminti, an karɓe masa hula da tasbaha. Tsohon malamin firamare ne, ɗan gidan malamai, wanda ko ƙofar caji ofis bai taɓa takawa ba. Shi ya fara tara ƙore da takubba da sirdi a wani ɗaki don yara su gani, kafin gwamnati ta zo ta kafa allo da sunanta a ƙofar. Tari yake yi mai fitowa daga can cikin ƙirji. Sufeto ya dube shi sau ɗaya ya san wannan ba zai ga ƙarshen damina a gidan yari ba.

"Malam, yaushe ka ga zagon na ƙarshe?"

"Jiya da hantsi, ranka shi daɗe. Ni da hannuna nis sa kwaɗo, nit tafi masallaci."

"Da ka dawo fa?"

"Nit tarar an ɓalle marfin."

"Wani ya taɓa zuwa yana nemansa? Ko saye, ko roƙo?"

Tsohon ya dubi ƙasa. "Babu wanda yaz zo."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, ya san mai gaskiya in zai yi ƙarya ƙasa yake duba. Bai matsa masa ba. Ya sa aka ba shi tabarma, ya kira Kofur Almu, direbansa, suka hau Landirofa.

Gidan tarihin ɗaki ne dogo na ƙasa mai rufin kwano. An ɓanɓare ƙarfen da ke riƙe kwaɗon da bakin wuƙa, itacen ƙofar ma duk gara ta cinye shi, ko ba ƙarfi sai ya saki. A ciki ga takubba, ga mundayen azurfa a akwatin gilashi, ba a taɓa ko ɗaya ba.

A ƙarshen ɗakin Malam Attahiru ya shirya sashen masunta. Ya zuba yashin gulbi a ƙasa don wurin ya yi kama da gaɓa, kullum yana baje shi da tsintsiya. Ga gora, ga ƙaramar ragar hannu da ake kira koma, ga wani tsohon kwale-kwale a jikin bango. An naɗe wani taru, babbar ragar kamun kifi, an shimfiɗa shi a kan yashin daga wannan bango har kusa da wancan, faɗinsa bai wuce tabarma ba. A bayansa, a bango, ƙusoshi biyu ne kawai suka rage da wani dogon tabo baƙi.

Sufeto ya shafa tabon, ya sansana yatsansa. "Mene ne wannan?"

"Baƙin mai na, Yallaɓai, na maganin gara," in ji Kofur Almu. "An ce satin ga Malam yash shafe sandar da shi, don baƙin da ka zuwa. Abin ga in ya kama fata, sabulu bai fid da shi."

Sawun ɓarawon yana nan a yashi, ƙafa ce ƙarama, ba takalmi. Abin da ya ɗaure wa Sufeto kai shi ne hanyar da sawun ya bi. Taku ɗaya ya isa a tsallake tarun a kai ga bango. Amma mai sawun ya bi gefensa har ƙarshe, ya matsa ta wani ɗan tsukin wuri bayan kwale-kwale, ya ɗauki zagon, ya sake dawowa ta nan. Ɓarawon da ke sauri kafin a sauko daga masallaci ya zaɓi doguwar hanya, zuwa da dawowa.

Da ya tsaya ya yi tunani a kan wannan, da labarin ya canza. Amma a waje wani mai shayi ya gaya masa cewa ran Alhamis an ga Fijo fara a ƙofar gidan, ta Alhaji Na'inna na Dogon Daji, mai sayen kayan da yana kai wa Turawa Kaduna. Nan take Sufeto ya ji ya gama bincike. Ya ce ai yaron Alhajin ne aka aiko, ya bar sawun a yashi ya bi Fijo.

Neman Alhaji Na'inna ya cinye masa Lahadi da Litinin. Sai ran Talata ya same shi a zaurensa, cikin shadda mai ƙara, da haƙorin Makka, agogo a kowane hannu.

"Alhaji, me ya kai ka Marken Dutsi ran Alhamis?"

"Ni? Rabona da ƙauyen ga tun bara."

"Fijo fara nawa ce a ƙasar nan mai lambar Kaduna? Ko mu tafi Tambuwal ka tuna a can?"

Alhaji ya gyara zama, ya kori masu yi masa fifita. "To, na je. Ciniki nij je yi, ba sata ba. Tsohon yak kore ni awa kare. Ran Juma'a kuwa Sakkwato niy yi salla, mutane sun gane ni."

"Wa ka tarar a wurin?"

"Babu kowa, in ba wata tsohuwa ba. Tana durƙushe bakin ƙofa tana roƙo nai, shi ko yana ta ba ta haƙuri. Irin matan masunta ta, warin banda duk ya cika wurin."

Sufeto ya tabbatar da maganar Sakkwato ta wayar ofis, ta fito gaskiya. Ya koma sel ransa a ɓace, rabi da tsohon, rabi da kansa. Malam Attahiru ya ƙara ramewa, abincin da aka kawo masa daga gida yana gefe, ƙuda na bi.

"Ka ce ba wanda ya zo. Wace ce matar da ta durƙusa maka ran Alhamis?"

"Mata na zuwa kallo, ranka shi daɗe."

"Malam, kotu za a kai ka. Ka gane kuwa?"

"Na gane."

"Daga ina zagon ya fito?"

Wannan kam ya amsa. Na Sarkin Ruwa Na'iya ne, na Tungar Kada, wata 'yar tungar masunta a bakin gulbi. Aro aka karɓa lokacin bikin Legas, da bakin Malam Attahiru aka yi alkawarin za a mayar. Da kayan suka dawo sai aka liƙa musu lamba, aka ce sun zama na gwamnati. Ya je Sakkwato ya yi magana, aka ba shi lemun kwalba aka sallame shi. Sunan matar dai ya ƙi faɗa, ya juya fuskarsa bango.

Washegari da safe suka kama hanyar Tungar Kada. Bayan Kebbe hanyar ta zama ta shanu, daga ƙarshe suka bar motar a gindin wata tsamiya suka taka.

Sufeto ya ga garuruwan da yunwa ta kora, ya ga waɗanda gobara ta ci, amma bai taɓa ganin garin da arziki ya kashe ba sai nan. Jirage a kife a kan gaɓa, ƙasansu ya tsage. Matoyan banda sun yi sanyi, kaji na kwana a ciki. Samari duk sun tafi, wasu aikin titi, wasu dakon siminti a tashar jiragen ruwa ta Legas. Tsofaffi ne suka rage da mata, da rediyoyin da 'ya'yan suka aiko, waɗanda batirinsu ya mutu tuni.

Dattawa na zaune a kan tabarmi ƙofar wani gida. Zaman makoki ne. Sarkin Ruwa Na'iya ya rasu ran Asabar, an yi sadakar uku, yanzu sai 'yan nesa masu zuwa gaisuwa.

Sufeto ya zauna aka yi addu'a, sannan ya tambaya. Wa ya je Marken Dutsi makon jiya? Babu kowa. Wa ya ji labarin zago? Wane zago? Wani ma cewa ya yi shi tun da aka haife shi bai san tungar na da zago ba, alhali tabon ƙugiya ya cika hannunsa. Ƙaryar ba ta da gwaninta ko kaɗan, amma bakinsu ɗaya ne.

Ya tashi ya gangara gaɓa don ya huce. Can wani dattijo ya baza taru a kan yashi yana ɗinke ɓarakarsa. Wani magidanci ya zo wucewa, ya tsallake tarun ko kallonsa bai yi ba. Jim kaɗan wata mata ta hauro daga ruwa da tulu a ka. Tulun cike yake, rana ta yi zafi, gidanta na can daidai gabanta. Da ta iso bakin tarun sai ta karkata, ta bi gefensa har ƙarshe, ta zagayo.

Sufeto ya tuna sawun nan na yashin gidan tarihi. Ya tsuguna kusa da dattijon.

"Baba, me ya sa ba ta tsallake ba?"

"Mace ba ta ƙetare taru," in ji tsohon, bai ɗago ba. "In ta ƙetare, ya bar kamu. Tun suna ƙanana aka hore su. Ko a makance ɗiyar masunta ba ta yin haka."

"Ko tarun da ba a kamu da shi?"

"Taru dai taru na."

"Yanzu wa zai gaji Sarkin Ruwa?"

Allurar ta tsaya a hannun tsohon. Da alama abin ya daɗe yana cin sa, don bai iya riƙe shi ba. Ya ce sarautar ruwa ba rawani ba ce, hannu ce. Mai mutuwa ke riƙe zago, magajinsa ya karɓa daga hannunsa. In rai ya riga fita, magajin na iya ɗauka daga shimfiɗar mamacin kafin a watse sadakar uku. Da zagon ake buɗe gurbi, wurin nan mai zurfi da ba ya ƙafewa da rani, kafin jama'a su shiga su, wato kamun kifi na gayya. Tun da aka tafi da shi ba a yi su ba, shi ya sa samari suka watse.

"In magajin bai zo ba fa?"

Tsohon ya ci gaba da ɗinkinsa.

Sufeto ya koma gidan makoki ya ce yana son gai da uwargida. Dattawan suka dubi juna, amma ba a hana mutum gaisuwar mutuwa, balle mai kaki.

Sunanta Atu. Tsohuwa ce 'yar firit, zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, lulluɓe da farin zane na takaba. Ƙafafunta ƙanana ne, duk faso. Ta amsa gaisuwa da murya a dushe, hannayenta a cikin mayafi.

"Inna, ina ɗanku?"

"Atiku na Legas. Yana dakon siminti bakin teku."

"An aika masa?"

"Tun da ciwon yay yi tsanani munka ba direban lori saƙo."

"Kin je Marken Dutsi ran Juma'a?"

"Ina jinya, ɗan nan. Ina ni ina Marken Dutsi?"

Sufeto ya ce bari a yi wa mamaci addu'a. Ya ɗaga hannu, matan da ke wurin suka ɗaga. Atu ta ɗan yi jim, amma ba yadda za a yi mace ta ƙi ɗaga hannu a addu'ar mijinta. Ta fito da su. Tafukan biyu baƙi ƙirin, har tsakanin yatsu, an goge su da toka da dutse har fatar ta saɓule, baƙin bai fita ba.

Aka shafa. Wata daga cikin matan ta yi saurin cewa, "Lalle na tas sa."

"Mai takaba ba ta ƙunshi," in ji Sufeto a hankali. "Kuma lalle ba ya warin maganin gara."

Atu ta dubi hannayenta kamar na wata ne, sannan ta ce wa matan su ba su wuri.

"Ni niɗ ɗauko shi," ta ce. "Ran Alhamis na roƙi Malam, yac ce ba shi da iko, abin ya zama na gwamnati. Kuka yay yi, ban ga laifi nai ba. Ran Juma'a da maza sunka shiga masallaci nis sa wuƙar gyaran kifi nib ɓalle ƙofar. Cikin tabarma nin naɗo shi, da ƙafa nid dawo."

"Maigidan ya gan shi?"

"Ya riƙe shi. Kwana guda yana riƙe da shi, idonai na ga ƙofa. Ko akuya ta motsa sai shi ce, Atiku na? Hannu nai na kan sandar rai yaf fita."

Ba ta yi kuka ba. Sufeto ya fi son a ce ta yi.

"Yanzu yana ina? Ki ba ni shi, Inna. In na mayar da shi, zan san yadda zan yi da sauran maganar."

"Ka makara, ɗan nan. Na jira har anka watse sadakar uku. Zagon da ba shi da magaji ba ya kwana gidan mutane, ruwa aka maida ma abinsu. Jiya da asuba nit tuƙa jirgi da kaina har tsakiyar gurbi, nis sake shi."

Jiya da asuba. Lokacin shi yana shirin zuwa zauren mai Fijo.

"Ba mai iya nutsewa ya ɗauko?"

"Wanda ka shiga gurbin ga shi na munka binne. Kuma in zago ya koma, gurbi ya rufe ke nan. Ba mai sake jefa koma ciki, ko jikokinmu."

Baƙin ciki ya cika Sufeto, irin wanda ba ya da wanda za a huce a kansa. Kofur Almu na waje, ba wanda ya ji maganar sai shi. Yana iya tashi ya kaɗe wandonsa, ya koma Tambuwal ya ce bai samu kowa ba. Sai dai ya san wanda zai biya kuɗin wannan tausayin, yana can kan tabarma a sel yana tari.

Ita ta yanke masa. "An ce Malam na tsare. Gaskiya na?"

"Gaskiya ne. Ya san ke ce, ya ƙi faɗa."

"In na tafi, a sake shi?"

"Za a sake shi."

Ta dafa bango ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko buta da ɗan ƙullin goro, ta gyara lulluɓinta. Matan suka fara kuka ƙasa-ƙasa, ɗaya na cewa ba a fid da mace daga takaba, wannan wace irin hukuma ce. Dattawan ƙofar gida suka sunkuyar da kai. Kofur Almu ya taɓa ankwar da ke ɗamararsa, Sufeto ya girgiza masa kai.

A kan hanyar zuwa mota akwai wani taru da aka shanya ya tare turba. Sufeto da Kofur suka tsallake. Suka tsaya suna jiranta har ta zagayo.

Ranar kasuwar Kebbe ce, sun iso gari da la'asar ana cikin hada-hada. Lorin kudu ta tsaya a bakin tasha ta tare rabin hanya, Kofur Almu ya rage gudu yana danna oda. Fasinjoji na ta dirowa daga kan kaya. Cikinsu akwai wani dogon saurayi mai wando fantalo da baƙin tabarau, rediyo a kafaɗa, sabon bargo a hammata, irin wanda ake saya wa mara lafiya. Yana ta tambayar masu babur wa zai kai shi Tungar Kada kafin duhu, yana murmushin wanda ya iso gida.

Sufeto ya ji numfashin tsohuwar ya canza a bayansa. Ya waiga. Ta ƙura wa saurayin ido, baƙaƙen hannayenta sun damƙe ƙarfen kujera.

"Shi ne?" ya tambaya.

Ta ɗaga kai.

"Kofur, tsaya."

"A'a," in ji Atu. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta sunkuya har goshinta ya taɓa gwiwa. "Ku wuce. Ku bar shi shi kai gida da murna tai. Hanyar ga kaɗai ta rage mai."

Kofur Almu ya dubi Sufeto. Sufeto ya nuna masa hanyar Tambuwal da haɓa. Landirofa ta raɓa ta gefen lorin, kusa da saurayin har ya ja rediyonsa gefe don kada a buge shi, ya ɗaga wa 'yan sanda hannu yana ba su haƙurin tare hanya.